Kafin Ka Yarda da Makin Gwajin Basira

Idan za a yi wa ɗanka gwajin basira, tambayi mai gwajin da wane harshe aka tsara shi, kuma da yaran ina aka daidaita makinsa. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Masana Halayyar Ɗan Adam ta Amurka ta fitar a 2020 sun nemi a duba harshe da al'adar wanda ake gwadawa, a kuma haɗa maki da wasu bayanai. Misali, gwajin Wechsler na yara, da yaran Amurka aka fara daidaita shi, don haka Turanci kaɗai na iya kayar da yaro Bahaushe mai kaifin basira. Wani zai ce lissafi ba ya ƙarya. Haka ne, amma mudun Kano da na Maraɗi ba lallai su zo ɗaya ba. Nemi a zaunar da kai a fayyace maka sakamakon kafin ka amince.