Gwajin Jini Guda Bai Isa Ba

Masu ciwon hanta nau'in B da yawa kan yi gwajin AFP, wani furotin da ke ƙaruwa a jini idan sankarar hanta ta kama. Sakamako ya fito lafiya, sai mutum ya ɗauke ƙafa daga asibiti. Nan kuskuren yake. Wata sankarar tana girma AFP bai motsa ba, kuma juna biyu ko kumburin hanta kan ɗaga shi alhali babu sankara.

Ɗan'uwa, ka haɗa gwajin da hoton ciki duk wata 6. Ka tara takardun sakamakonka a jaka guda, don likita ya ga ko lambar na hawa. In ta haura, kada ka ruga wajen mai maganin gargajiya. Koma wurin likitanka cikin makon.