Yadda Ake Rainon Zabuwa A Tukunya

Zabuwa, wadda yanzu aka fi sani da alobera, tsiro ne mai ajiye ruwa cikin ganyensa. Asalin irin da ake dasawa a gidaje daga ƙasar Larabawa yake, saboda haka zafin Mamudo da kewayen Potiskum ba ya damunta. Abin da ya fi kashe ta shi ne yawan ban ruwa.

A sami tukunyar ƙasa, a huda gindinta, a zuba tsakuwa kaɗan. Sa'an nan a cika ta da rairayi kashi 2, taki kashi 1. Lalle takin ya zama ruɓaɓɓe, domin ɗanyen kashin shanu yana jawo gara. A ciro ɗan tsiro daga gindin uwar tare da saiwarsa, a bar shi a inuwa kwana 2 ciwon ya bushe kafin a dasa.

Kada a zuba ruwa sai an tsoma yatsa an ji ƙasa ta bushe. Da bazara sau ɗaya a mako ya isa, da hunturu kuwa sai bayan mako 2. Daga Yuli zuwa Satumba a janye tukunyar ƙarƙashin rumfa, gama idan ruwa ya kwanta, saiwa takan ruɓe, ganye ya yi laushi.

Majinar cikin ganyen tana sanyaya ƙaramar ƙuna, amma babbar ƙuna sai asibiti. Ruwan nan mai ɗaci, rawaya, da ke ƙarƙashin ɓawo yana kawo zawo mai tsanani. Kada a ba yara ko mata masu juna biyu.