Baƙon Dauro da Allurar Rigakafi

Maigida, tambayi tsofaffin garinku labarin agana. Za su gaya maka yadda ta makantar da mutane, ta cika kushewa. Yau babu ita. Lamba ce ta kore ta, har a 1980 aka yi shelar ta ƙare a duniya duka.

To, amma baƙon dauro yana nan, ya kuwa fi tsanani da rani. Ƙwayar cuta ke kawo shi, ƙanƙanuwa, ido ba ya ganinta. In yaro mai ciwon ya yi tari, sai ta bi iskar ɗaki, ta yi kamar sa'a biyu tana yawo. Cikin yara goma marasa rigakafi da suka zauna da shi, tara za su kamu.

A cikin jinin kowa akwai dakaru masu yaƙar cuta. Sai dai ba su gane sabon maƙiyi da wuri. Kafin su shirya ya yi ɓarna, ya jawo ciwon huhu, ko zawo, ko makanta. Abin da ke cikin allurar nan ƙwayar ce aka raunana, ba ta iya ka da yaro. Dakarun su gan ta, su riƙe kamanninta. Ran da ta gaske ta zo, sai su tare ta tun daga ƙofa.

A kai yaro asibiti yana da wata 9, a koma yana da wata 15. A asibitin gwamnati kyauta ne. In jikinsa ya ɗan yi zafi bayan mako guda, kada a tsorata, dakarun ne ke aiki. A ci gaba da ba shi nono.

Sau da yawa izininka kaɗai uwargida ke jira. Ka ba ta, ko da aikin gona ya yi yawa. Katin kuma a adana shi inda gara ba za ta ci ba.