Darasi: Abin da Aka Shuka a Zuciyar Yaro

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, muna roƙon tsira da aminci ga Manzonsa Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan uwa, darasinmu na wannan fitowa tambaya ce guda: abubuwan da muka yarda da su, daga ina muka samo su? In muka yi wa kanmu adalci, za mu ga da yawansu ba daga littafi suka zo ba, ba kuma daga bakin malami ba. A tsakar gida muka ji su, muna zaune gindin murhu, tun ba mu san neman hujja ba.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) hadisin da ke nuna cewa kowane yaro ana haihuwarsa bisa fiɗira, wato tsarkin halitta, sa'annan iyaye su karkata shi zuwa ga abin da suke bi. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira (1111 Miladiyya), a cikin Ihya'u Ulumid Dini ya kamanta zuciyar yaro da dutse mai daraja wanda ba a taɓa yi wa zane ba, mai karɓar duk abin da aka zana masa. Dalili a fili yake: yaro ba ya auna magana, mai maganar yake dubawa. A ganinsa, wadda ta shayar da shi ba ta kuskure. In ya girma kuwa, barin maganar sai ya zame masa kamar barin iyayen.

Mu dubi Abu Ɗalibi. Shi ya riƙi Manzon Allah (S.A.W.) tun yana ɗan shekara 8, ya kuma kare shi daga Ƙuraishawa har ƙarshen ransa. Da ajali ya zo masa a shekara ta 10 bayan aike, Manzo ya roƙe shi ya furta kalmar shahada. Abu Jahali da ke wurin bai kawo wata hujja ba, tuna masa kawai ya yi da addinin mahaifinsa Abdulmuɗɗalibi, kuma a kan haka ya cika. Wannan shi ne ƙarfin abin da aka tashi da shi.

To, mu fa? An ce mana in mujiya ta yi kuka bisa gida, mutuwa na tafe. Larabawan jahiliyya ma sun camfa tsuntsun dare, kuma hadisi ingantacce ya rushe wannan camfi, amma har yau akwai mai salla biyar da gabansa ke faɗuwa in ya ji ta. An ce mana yaro in ya ci ƙwai zai yi sata, sai muka kai ƙwan kasuwa, muka bar yaro da rama. An ce mana dakashi, nonon farko, ba shi da kyau, sai a tatse a zubar, alhali likitoci sun tabbatar yana ɗauke da kariya ga jinjiri daga cututtuka. Mafi muni, an nuna mana wata tsohuwa an ce mayya ce, kada mu ci tuwon gidanta. Mun girma, mun hana ƴaƴanmu auren jikokinta, ba tare da shaida ko ɗaya ba. Wannan haƙƙi ne da za a tambaye mu ranar gobe.

Ba cewa muke duk abin da muka gada ɓata ne ba. Kunya, kara, girmama baƙo da zumunci, duk a gida muka sha su. Abin da ake nema gare mu shi ne tankaɗe da rairaya, ta hanyoyi uku:

1. Mu binciki kanmu. Duk abin da ba mu da hujja a kansa sai “haka muka taras”, mu kai shi gaban masu ilimi, na addini ga malami, na lafiya ga likita.

2. Mu kiyaye harshenmu gaban yara. Kada mu tsorata su da dodo don su yi barci, kada mu zagi wata ƙabila ko masu wata sana'a suna ji. Abin da muka faɗa da wasa, su da gaske suke riƙe shi.

3. Mu haɗa umurni da dalili. A cikin Suratu Luƙman, uban da ya hana ɗansa shirka ya bayyana masa dalilin hanin. Yaron da ya saba jin dalili ba ya zama ganima ga kowane mai daɗin baki.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma mai tanƙwarawa ya fara duba inda yake karkata shi, domin yadda ya bushe haka zai zauna.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya gafarta wa iyayenmu, Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Amin.