Injin Ban Ruwa: A Gyara Ko A Sayi Sabo?

Manoman rani na Kura da Bunkure, musamman waɗanda ruwan madatsar Tiga ba ya isa gonakinsu sai da inji, ku duba injinku kafin dashen tumatir. In fulogi ne ya mutu ko kafireta ta toshe, ku gyara, kuɗin kaɗan ne. Amma in yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, ruwan tiyo ya rage ƙarfi duk da an kai shi wurin makaniki, ya gaji. Kuɗin gyara ya kai rabin na sabo? Ku sayi sabo, domin ƙishirwa lokacin fure tana zubar da amfani. Masu injin da ke aiki da gas kuwa, ku riƙa shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyon gas. Kumfa alamar yoyo ce.