Amsar Tambaya: Abinci da Motsa Jiki ga Mai Ciwon Zuciya

Gishiri ne abin da mai ciwon zuciya zai fara ragewa, domin yana tara ruwa a jiki, ya jawo hawan jini, zuciya ta yi ta wahala. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Wani gishirin kuwa a ɓoye yake, cikin dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi. Kanwa ma haka take: likitoci a Zariya sun daɗe da danganta kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Daddawa da citta da tafarnuwa sun isa su gyara miya.

A taƙaita kitse da man shanu da soye-soye, a yawaita wake da zogale da kifi.

Motsa jiki kuma minti 150 ne a mako, kamar tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar. Yin sa da sanyin safiya ya fi. Wanda ciwonsa ya taɓa tashi, sai likita ya duba shi tukuna, misali a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko. Idan ƙirji ya ɗaure ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take. Gyaran abinci ba ya sa a bar shan magani.