Kwaɗon Ganye Ga Mai Neman Haihuwa: A Wanke Kafin A Ci

Ma'aikatan awon ciki sun daɗe suna kiran mata su yawaita cin ganye, kuma da gaskiyarsu. Zogale da alayyahu da rama suna ɗauke da sinadarin ƙarin jini, da folik asid mai taimaka wa laka da ƙwaƙwalwar ɗan tayi su haɗu daidai. Wannan aiki kuwa cikin kwana 28 na farko ake yinsa, tun mace ba ta tabbatar da ɓatan wata ba. Don haka tun kafin ciki ya shiga ake fara gyara.

Haɗin ba wuya. A tafasa zogale sama-sama, ban da kanwa, don tana kashe amfaninsa. A tsane shi, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir da ɗan man gyaɗa, a matse lemon tsami, wanda ke taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin jinin.

To, ga inda gizo ke saƙar. Latas da kabeji da lansir ɗanye ake cinsu, kuma da yawa daga lambun bayan gari suke fitowa. A Kano, sanannen abu ne ana ban ruwa da ruwan Jakara, wanda kwatamin birni ke zuba a ciki. Dubi mai tallan latas a bakin kasuwa: bokiti ɗaya tun safe, da shi yake yayyafa wa kaya, a ciki yake tsoma hannun da ya karɓi kuɗi. A 2021 amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin inda ya fi ɓarna. Mai juna biyu in ya kama ta, ruwan jikinta ya ƙare, cikin ma yana iya zubewa. Ga taifot, ga tsutsar ciki.

Matar da ke cin ganye don gyaran jiki amma ta ƙi wanke shi, tamkar manomi ne da ya yi sharar gona, ya kai taki, ya yi shuka, ya yi noman fari da maimai, sannan da yamma ya buɗe wa awaki shinge da hannunsa. Haba uwargida! Addininmu da ya wajabta tsarki kafin salla bai bar mana uzurin ƙazanta a kwano ba. A wanke hannu da sabulu. A ware ganye ɗaya-ɗaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a sauya ruwan, a sake. Lokacin annoba kuwa, a haƙura da ɗanye gaba ɗaya, a ci dafaffe da zafinsa.

Saura a taƙaice. Gishiri mai aidin za a sa, don rashinsa ke kawo maƙoƙo, kuma ciwon maƙoƙo kan rikita al'ada. Kada a kora kwaɗo da shayi. Ganye ba ya maye gurbin ƙwayar folik asid ta asibiti. Haihuwa ta Allah ce, amma in an shekara shiru, miji da mata su tafi gwaji tare, kada maigida ya tura ta ita kaɗai.